Kuɗin Ƙaramar Hukuma, Ɗakin Shan Magani da Magudanar Ruwa: Bayani ga Al'ummar Gwandu da Kalgo

Akwai tambayoyi guda biyu da ba sa barin bakin jama'a a ƙananan hukumominmu. Ta farko ita ce, ina kuɗin da ake cewa ana turo wa ƙaramar hukuma daga Abuja a kowane wata? Ta biyu kuwa, me ya sa za a gina asibiti, a yi masa fenti, a yi bikin buɗewa da kaɗe-kaɗe, amma idan dare ya tsala mai naƙuda ta je sai ta tarar da ƙofa a garƙame? Waɗannan tambayoyi suna kan hanya, kuma haƙƙin mai tambaya ne a ba shi amsa. Saboda haka muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayanin inda kuɗin ƙaramar hukuma suke fitowa, da hanyar da suke bi kafin su iso, da kuma abin da suke iya yi a fannin kiwon lafiya da gyaran cikin gari. Mun ɗauki Gwandu da Kalgo a matsayin misali, amma bayanin ya shafi dukkan ƙananan hukumomi 21 na Jihar Kebbi.

Gwandu da Kalgo a taƙaice

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna cewa Ƙaramar Hukumar Gwandu tana da mutum 151,019 a faɗin ƙasa murabba'in kilomita 1,018. Kalgo kuwa, wadda aka cire daga Bunza a shekarar 1996, tana da mutum 85,403 a murabba'in kilomita 1,173. Tun daga wancan lokaci ba a sake ƙidaya ba, kuma ko shakka babu jama'a sun ƙaru ƙwarai, amma alƙaluman sun isa su nuna mana bambancin da ke tsakani. Gwandu ta fi jama'a nesa ba kusa ba, Kalgo ta fi faɗin ƙasa. Kowacce tana da mazaɓu 10. Idan aka raba, mazaɓa ɗaya a Gwandu tana ɗauke da mutum kusan 15,000 a wancan lissafi, a Kalgo kuwa kimanin 8,500.

Ma'anar wannan ga mai tsara kasafin kuɗi ita ce matsalolin biyu ba iri ɗaya ba ne. A Dalijan ko Kambaza ko Malisa abin da zai fara damun malamin asibiti shi ne yawan masu zuwa da saurin ƙarewar magani. A yankunan Kalgo irin su Diggi da Zuguru da Kuka kuwa, nisa da halin da hanya take shiga da damina suna cikin lissafi, domin wani ɓangare na ƙasar fadama ce ta gulbi. Haka nan garuruwan biyu kowanne da irin baƙinsa. Gwandu garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne, a nan hubbarensa yake, masu ziyara kuma ba sa yankewa duk da cewa fadar Sarkin Gwandu tana Birnin Kebbi. Kalgo ita ce ta karɓi mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, ga kuma babban asibitin da gwamnatin jiha ta gina a garin, wanda aka keɓe masu cutar korona a cikinsa a shekarar 2020. Baƙi alheri ne ga kasuwa, amma su ma suna shan ruwa, suna zubar da shara, suna buƙatar ban-ɗaki.

Abin da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma

Tsarin ƙananan hukumomi na bai ɗaya ya samo asali ne daga gyaran da aka yi a shekarar 1976, wanda ya maye gurbin abin da ya rage na tsarin En'e. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 7 da kuma jadawali na huɗu, ya jera ayyukansu. Daga ciki akwai ginawa da kula da kasuwanni, tashoshin mota, mayanka da ban-ɗakunan jama'a, yin hanyoyin cikin gari da fitilun titi da magudanan ruwa, kwashe shara, kula da maƙabartu, sanya wa tituna suna da yi wa gidaje lamba, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Waɗannan nata ne kai tsaye. Sa'an nan akwai waɗanda kundin ya ce za ta sa hannu a cikinsu tare da gwamnatin jiha, wato ilimin firamare da na manya, da aikin gona, da samar da kiwon lafiya.

A fannin lafiya, manufar ƙasa ta shekarar 1988, wadda aka fitar a zamanin ministan lafiya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti bisa tafarkin taron Alma-Ata na 1978, ta kasa aikin gida uku. Gwamnatin tarayya ta ɗauki asibitocin koyarwa da na ƙwararru, jiha ta ɗauki manyan asibitoci, ƙaramar hukuma kuma aka bar mata kiwon lafiya matakin farko. Don haka babban asibitin Gwandu da asibitin Kalgo da muka ambata ba daga aljihun ƙaramar hukuma ake tafiyar da su ba, kuma wanda ya kai ƙorafinsu wurin kansila ya ɓata hanya. Abin da ya shafi kansila shi ne ɗakin shan magani na ƙauye, da ƙaramin asibitin sha-ka-tafi, da cibiyar lafiya ta mazaɓa inda ake awon ciki, a karɓi haihuwa, a yi wa yara rigakafi. Abin lura a nan shi ne, matakin da ya fi kusa da talaka, wanda mafi yawan jama'a suke fara tunkara idan jiki ya ƙi daɗi, shi aka ɗora wa gwamnatin da ta fi ƙarancin kuɗi da ma'aikata.

Daga ina kuɗin suke fitowa

Dattawanmu za su iya tuna lokacin da haraji da jangali ne suke cika baitulmalin En'e, daga nan ake biyan malamin asibiti da duba-gari, a gyara rumfar kasuwa. Tsarin yana da nasa zaluncin, shi ya sa da gwamnatocin Kano da Kaduna suka soke shi a farkon jamhuriya ta biyu jama'a suka yi murna, wasu jihohin Arewa kuma suka bi sahu. Sai dai tun daga nan ido ya koma kan kason da ake rabowa daga tarayya.

A kowane wata kwamitin rabon arzikin ƙasa yana zama a Abuja. Bayan an cire kuɗin hukumomin da suka tara kuɗin, da kashi 13 cikin 100 na jihohin da ake haƙo ma'adinai a cikinsu, sai a raba abin da ya saura bisa tsarin da ake bi tun 2004: gwamnatin tarayya kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Wato a duk Naira 100, Naira 20 da kwabo 60 ne ake kasa wa ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan. Wajen kasawar, kashi 40 cikin 100 ana raba shi daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, sauran kashi 30 kuma bisa faɗin ƙasa da yanayinta, da ma'aunin ci gaban al'umma, da ƙoƙarin tara kuɗin shiga na cikin gida, kowanne kashi 10. Saboda wancan rabo na daidai wa daida, ƙaramar hukuma mai ƙarancin jama'a kamar Kalgo takan fi samun abin da zai faɗa wa kowane mutum ɗaya, ko da jimillar kason Gwandu ta fi yawa. Akwai kuma harajin sayen kayayyaki na VAT, wanda ƙananan hukumomi suke da kashi 35 a cikinsa. Sabbin dokokin haraji na 2025 sun rage kason tarayya daga 15 zuwa 10, sun ɗaga na jihohi daga 50 zuwa 55, amma sun bar na ƙananan hukumomi yadda yake.

Hanya ta biyu ita ce gudummawar jiha, domin sashe na 162 na kundin ya wajabta wa kowace jiha ta ba ƙananan hukumominta wani kaso daga kuɗin shigarta. Ta uku kuwa ita ce abin da ƙaramar hukuma take tarawa da kanta: kuɗin rumfa da na shago, kuɗin tasha, kuɗin yanka a mayanka, kuɗin kara a kasuwar dabbobi, da lasisin amalanke da kwale-kwale da makamantansu. A ƙananan hukumomin karkara wannan kaso ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da na tarayya, kuma wani ɓangarensa yana zurarewa tsakanin mai yankan rasit da ofishin ma'aji. Duk ɗan kasuwar da ya biya kuɗi bai karɓi rasit ba, to ya sani cewa kuɗin nan ba za su zama kwalbati ba.

Wajibi ne kuma a fahimci cewa adadin da ake ji a rediyo ba shi ne abin da ke saura a hannun shugaban ƙaramar hukuma ba. Daga cikinsa ake biyan albashin malaman firamare, da na ma'aikatan lafiya, da na sauran ma'aikata, da fansho, da kason masarautu, da asusun horar da ma'aikata. Albashi shi ne ke lashe mafi yawa. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kason wata-wata ya ƙaru sosai a lissafin Naira, amma farashin siminti da rodi da magani da man janareta su ma sun yi tashin gwauron zabo, mafi ƙarancin albashi kuma ya tashi daga Naira 30,000 na shekarar 2019 zuwa Naira 70,000 a 2024, Jihar Kebbi ma ta amince da Naira 75,000. Ba muna faɗin haka ba ne don mu wanke kowa. Ƙarin da aka samu na gaske ne, kuma ya kamata a gan shi a ƙasa. Abin nufi shi ne mai bincike ya san inda zai fara lissafinsa.

Asusun haɗin gwiwa da hukuncin Kotun Ƙoli

Shekara da shekaru kuɗin ƙananan hukumomi ba sa faɗawa asusunsu kai tsaye. Sashe na 162 ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, a nan ake fara zuba su, a cire na cirewa, a raba sauran. Masu goyon bayan tsarin suna cewa shi ya tabbatar da biyan albashin malamai, kuma yana ba da damar a tallafa wa ƙaramar hukumar da kasonta bai isa albashi ba. Masu suka kuwa suna cewa a jihohi da dama ya zama hanyar riƙe kuɗin, ya mayar da shugabannin ƙananan hukumomi 'yan amshin shata. A shekarar 2019 hukumar tarayya mai sa ido kan hada-hadar kuɗi ta fitar da ƙa'idar da ta hana cire tsabar kuɗi fiye da Naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Babban Lauyan Tarayya ya shigar a kan jihohi 36. Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta hukuncin, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma waɗanda suke da zaɓaɓɓun shugabanni ne kawai suka cancanci karɓa, ban da kantomomin riƙo. A Jihar Kebbi an yi zaɓen shugabanni 21 da kansiloli 225 a ƙarshen watan Agusta na wannan shekarar. Aiwatar da hukuncin a faɗin ƙasa bai zo da sauri ba. A cikin 2025 an ci gaba da kai-komo a kan buɗe wa ƙananan hukumomi asusu a Babban Bankin Nijeriya da sharuɗɗan da ke tattare da shi.

Ko ta wace hanya kuɗin suka bi, akwai wani ƙulli da ya shafi lafiya wanda ya kamata jami'anmu su sa a gaba. Tun 2011 Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta amince a tattara kiwon lafiya matakin farko a ƙarƙashin inuwa ɗaya, wato hukuma guda a kowace jiha da za ta riƙe ma'aikata da tsare-tsare da sa ido. A nan Kebbi aikin Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya Matakin Farko ta Jiha ke nan. To idan ma'aikaci yana ƙarƙashin hukumar jiha, kuɗin albashinsa kuma suna aljihun ƙaramar hukuma, dole a yi rubutacciyar yarjejeniya a kan wanda zai biya da ranar biya. An taɓa ganin illar rashin haka. Shirin tura ungozomomi karkara da aka fara a 2009 an gina shi ne a kan cewa tarayya za ta biya wani kaso na alawus, jiha ta biya wani, ƙaramar hukuma ta cika sauran ta kuma ba da masauki. A wurare da yawa na ƙasar nan kason jiha da na ƙaramar hukuma bai riƙa fitowa a kan lokaci ba, ungozomomi da dama suka tattara nasu ya nasu suka koma birni.

Abin da ke tafiyar da asibiti

Kasafin kuɗi kashi biyu ne: na manyan ayyuka, kamar gini da sayen mota, da na yau da kullum, kamar albashi da magani da gyare-gyare. Gini sau ɗaya ake biyansa, kuma shi ne ake iya ɗauka a hoto, shi ya sa kowa yake son a ce shi ya yi. Amma ranar da ɗan kwangila ya miƙa makulli, ranar ne kashe kuɗi na gaskiya yake farawa. Cibiyar da za ta karɓi haihuwa dare da rana tana buƙatar ma'aikatan da za su yi karɓa-karɓa, da gidan da ungozoma za ta kwana kusa, da ruwa, da wuta ko da ta sola ce, da firjin ajiye allurar rigakafi, da mai gadi, da katanga, da abin hawan da zai garzaya da wadda jini ya ɓalle mata zuwa babban asibiti. Ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, sauran sun rage amfani. A ra'ayinmu, majalisar da ta gyara cibiyoyi 10 na mazaɓunta suka tsaya da ƙafafunsu ta fi wadda ta gina sababbi 5 ta bar wa jemagu da awaki.

Domin cike wannan giɓi ne Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kiwon lafiya na bai ɗaya, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Ya fara shiga kasafin kuɗi a 2018 da Naira biliyan 55.1. Dokar ta ce rabin kuɗin ya tafi ga inshorar lafiya don marasa ƙarfi su sami magani ba tare da biya ba, kashi 20 ga magunguna da allurai, kashi 15 ga gyaran gini da kayan aiki da sufuri, kashi 10 ga ma'aikata, kashi 5 kuma ga agajin gaggawa. Ta kuma nemi jiha da ƙaramar hukuma su kawo nasu kashi 25 na kuɗin aiki. Abin da ya bambanta wannan asusu da sauran shi ne wani ɓangarensa yana shiga asusun bankin cibiyar kanta duk wata uku, an kuma fara ne da aƙalla cibiya ɗaya a kowace mazaɓa. A shekarun farko abin da cibiya take samu bai wuce kimanin Naira 300,000 ba a wata uku. Daga baya aka sanar da ɗaga shi zuwa tsakanin Naira 600,000 da 800,000 gwargwadon yawan masu zuwa. Kuɗi ne na gyaran rufi da famfo da sayen magani da man babur na zagayen rigakafi. Ba su isa albashi ba, kuma ba su sauke wa ƙaramar hukuma nauyinta ba. Ɓangaren inshorar kuwa a jiharmu yana hannun hukumar KECHEMA, ita ce take rajistar masu cin gajiya.

A nan ne kwamitin ci gaban mazaɓa yake da muhimmanci. Ba a taɓa kuɗin asusun cibiya sai da sa hannun jami'in da ke riƙe da ita da kuma na shugaban kwamitin, bisa tsarin aikin da aka rubuta tun farko. Kwamitin da yake zama kowane wata, da mata a cikinsa, yana duba rasit da littafin magani, shi ne katangar kuɗin. Wanda kuwa sunansa kawai yake a takarda, shugabansa yana sa hannu a cak ba tare da ya karanta ba, ya zama ƙofar ɓaraka. Irin wannan sakaci ne ya durƙusar da asusun jujjuya magani a wurare da yawa, wanda aka ɗauko daga shirin Bamako na 1987: aka sayar da magani, kuɗin ba su koma sayen wani ba, kanta ta bushe.

Abin da ya faru a farkon shekarar 2025 ya isa ya tuna mana abin da ake magana a kai. Cutar sanƙarau ta ɓulla a Gwandu da Jega da Aliero, kuma zuwa watan Maris ma'aikatar lafiya ta jiha ta sanar da rasuwar mutum 26, Gwandu tana cikin inda abin ya fi ƙamari. Allah ya jiƙansu. Sanƙarau cuta ce ta lokacin ƙura da zafi da cunkoson ɗaki, tana iya kashewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Allura da magani daga jiha da tarayya da ƙungiyoyin agaji suke zuwa, amma wanda zai fara ganin yaro da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ya gane, ya kai rahoto a ranar, shi ne ma'aikacin ƙaramar cibiyar ƙauye, in yana bakin aikinsa.

Cikin gari: magudana, kasuwa da mayanka

Mutane da yawa suna ɗaukar aikin cikin gari a matsayin ado, suna ganin kishiya ne ga aikin asibiti. Alƙaluma ba su goyi bayan wannan fahimta ba. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na shekarar 2021 ya gano ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a Jihar Kebbi, adadin da ya fi na kowace jiha. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka fara allurar rigakafin cutar a Kebbi da Bayelsa a watan Disamba na 2024. Sauro a kwantaccen ruwa yake hayayyafa: kududdufin da aka haƙa don yin tubali, lambatun da leda ta toshe, ramin da ɗan kwangila ya ɗebi ƙasa ya tafi ya bari. Amai da gudawa kuwa, wadda ta addabi jihohin Arewa har da tamu a 2021, tana bin rijiyar da ruwan masai ya kutsa cikinta, da abincin kasuwar da ba ta da ban-ɗaki ko wurin wanke hannu. Kuɗin da aka sa a magudana da rijiyar burtsatse da dakalin yanka mai ruwa, ragi ne a kan kuɗin maganin da za a saya a watan Agusta.

Amma aikin cikin gari yana da ƙa'idarsa. Magudana daga mafitar ruwa ake fara ta, a biyo ta zuwa sama. Idan aka fara daga ƙofar gidan wani babba aka tsaya a tsakiya don kuɗi sun ƙare, an tattara ruwan unguwa ɗaya ne an juye wa ta ƙasa da ita. Haka kuma kwalta ba ta daɗewa a titin da ba shi da lambatu a gefensa. Damina biyu ko uku sun isa su cinye ta. A garuruwan da suke kusa da fadama, ambaliyar 2020 da ta shafe gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar nan, ta karya gadoji, ta nuna cewa ƙaramin kwalbati a inda ake buƙatar babba asarar kuɗi ce kawai. Fitilun titi masu sola suna da amfani ga tsaro da masu sana'ar dare, sai dai batirinsu yana da wa'adi, kuma in ba a sa kuɗin canza shi a kasafi ba, bayan 'yan shekaru sanduna ne za su rage.

Kasuwa da tasha sun sha bamban da sauran domin su suna mayar da abin da aka kashe musu. Ƙasar Gwandu ƙasar albasa ce, ta Kalgo kuma ta shinkafa da kifi. Rumfa mai rufi, da wurin lodi wanda babbar mota za ta shiga ta fita da damina, suna jawo fatake, fatake kuma su ne kuɗin shiga. Shawararmu ga majalisun ƙananan hukumomi ita ce su keɓe wani sanannen kaso na abin da kowace kasuwa ta tara ya koma kan sharar kasuwar da ruwanta da ban-ɗakinta, a kuma liƙa lissafin a bakin ofishin sarkin kasuwa. Mai biyan da ya ga inda kuɗinsa suka shiga ba ya gudun mai rasit.

Ya kamata kuma a rarrabe hanyoyi. Babban titin da ya ratsa gari yana iya zama na tarayya ko na jiha, kuma ba huruminta ba ne ƙaramar hukuma ta fasa shi, sai dai ta rubuta wa mai shi. Nata su ne titunan unguwanni da hanyoyin da suka haɗa ƙauye da kasuwa. Ga waɗannan akwai tallafi daga waje wanda ba kowa ya san da shi ba. Kebbi tana cikin jihohi shida da aka fara shirin rage talauci ta hannun al'umma da su, da rancen Bankin Duniya, a farkon shekarun 2000, wanda daga 2009 shirin CSDP ya gaje shi. Tsarinsa a wancan lokaci shi ne al'umma ta zaɓi aikinta, ta kawo ɗan kasonta ko da yashi ne da aikin gayya, ta kuma riƙe kuɗin da kanta. Haka nan jihar tana cikin shirin hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona na RAAMP, wanda bankin ya amince da shi a 2020.

Inda jama'a za su sa baki

Kasafin ƙaramar hukuma ba asiri ba ne. Sassan lafiya da ayyuka da gona da ilimi suna kawo buƙatunsu, ofishin ma'aji da na tsare-tsare su haɗa, shugaba ya gabatar wa majalisar kansiloli, su tattauna su amince. Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi da Masarautu tana sa ido, Babban Mai Binciken Kuɗin Ƙananan Hukumomi kuma yana duba littattafai bayan shekara ta ƙare, ya miƙa rahotonsa ga Majalisar Dokokin Jiha. Aikin da bai shiga kasafi ba, ba shi da madogara, komai yawan alƙawarin da aka yi a bakin taro. Tun da shekarar kuɗi daga Janairu take farawa, lokacin kai buƙata shi ne daga tsakiyar damina zuwa kaka, a rubuce, ta hannun kansila da kwamitin mazaɓa, da sanin uban ƙasa da hakimi da mai unguwa. Takarda ɗaya mai ɗauke da buƙata biyu da aka jera bisa muhimmanci ta fi zuwa da tawagar mota uku ana neman komai da komai.

Idan an ba da aiki, jama'a suna da damar sanin sunan ɗan kwangila, da adadin kuɗin, da tsawon magudanar ko yawan ɗakunan, da ranar gamawa, kuma ya dace a rubuta su a allo a wurin aikin. A cibiyar lafiya kuwa, a liƙa jadawalin masu aikin dare, da jerin magungunan da ake bayarwa kyauta, da abin da ya shigo asusu a wata ukun da suka wuce. Wanda ya ga an sayar masa da abin da aka ce kyauta ne, ya fara kai magana wurin shugaban kwamitin mazaɓa, in ba a ji ba sai daraktan lafiya na ƙaramar hukuma, daga nan sai hukumar jiha a Birnin Kebbi.

Ga jami'ai kuma, akwai ayyukan da lokacinsu ba ya jira. Yasar magudanai da gyaran kwalbatoci a gama su a watannin Afrilu da Mayu, kafin ruwa ya sauka. Maganin zazzaɓi da ruwan gishiri da sukari su isa cibiyoyin da hanya take yankewa tun kafin Yuli. Firji da batirin sola a duba su da kaka, domin daga Disamba ƙura take tashi, lokacin sanƙarau da ƙyanda ke nan har zuwa faɗuwar ruwa.